Man Hannu Na Kaɗanya Da Riɗi: Yadda Nake Haɗa Shi Da Yadda Nake Gwada Shi

Sana'ata ɗinkin hula ce, a Zariya nake zaune, kuma duk mai riƙe allura ta san abin da hunturu ke yi wa yatsu. Da an shiga Disamba iskar nan ta taso, sai fatar gefen farce ta fara tsagewa, kan babban yatsa ya yi kaushi kamar bayan guza. Zaren siliki kuwa ba ya ɗaukar wargi. Ya taɓa wurin kaushi ya maƙale, ki ja ya tsefe, aikin kwana uku ya fito da gashi-gashi. Ga wanke-wanke, ga wanki da garin sabulu, ga alwalar asuba da ruwan da ya kwana a randa.

Man kaɗanya zalla yana maganin wannan, tun iyaye da kakanni an sani. Matsalata da shi ɗaya ce: in na shafa ba ni da damar taɓa farin yadi, sai ya bar mini shatin yatsa a jikin hular mutane. Mayukan kanti kuma ga ƙamshi ga santsi, amma kafin in gama layi biyu na ɗinki hannun ya koma gidan jiya. Hunturu biyu na yi ina haɗawa ina sakewa kafin in tsaya a kan haɗin da zan ba ki yanzu. Na ce "ki" ne don mata sun fi tambayata, amma har masu facin taya da magina sun karɓa a hannuna sun ji daɗinsa.

Kafin ki ɗora tukunya, akwai abu ɗaya da in kika gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Mai ba ya ba fata ruwa. Fatar hannu tana da nata ruwan da nata maiƙon da ke tsare shi. Sabulu ya wanke maiƙon, busasshiyar iska ta zuƙe ruwan, domin a tsakiyar hunturu laimar iska a ƙasar Hausa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Aikin mai shi ne aikin murfi, ya hana ruwan da ke wurin gudu. Wadda ta lafta mai a busasshen hannu ta rufe tukunyar da babu komai a cikinta ne. Saboda haka ruwa a hannu ake son sa, lokacin shafawa. A cikin kwalba kuwa ko ɗigo ba a so.

Wannan na biyun da kaina na koye shi. An ba ni shawara in matse ruwan alobera in zuba a haɗina don ya yi sanyi a fata. Ya yi kyau kuwa ranar farko. Bayan kwana goma na buɗe na tarar da ɗigo-ɗigon baƙi a gefen murfi, ga wani tsami-tsami yana tashi. Mayukan kanti masu laushin nan mafi yawan abin da ke cikinsu ruwa ne, amma masana'anta suna zuba sinadarin da ke haɗa ruwa da mai su zauna tare, da wani kuma mai hana ƙwayoyin cuta da fumfuna tsirowa. Mu a gida ba mu da su. Duk inda ruwa ya haɗu da abinci, ƙwayoyin cuta sun samu gida, kuma sukan yawaita tun kafin ido ya ga alama. Ki tuna a kan fatar da ta tsage za ki shafa. Don Allah kada ki zuba ruwan alobera, ko madara, ko zuma, ko ruwan fure, komai yadda aka yaba miki su.

Man kaɗanya shi ne ginshiƙi, a kansa ya kamata ki ɓata lokaci. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa itacen kaɗanya a duniya, musamman jihohin Neja, Kwara da Kebbi, kuma mata ne ke tsintar ƙwallon da damina su dafa, su shanya, su daka, su soya, su niƙa, su cuɗa da hannu har man ya taso. Wannan doguwar hanya ce ta sa man wata ba ya zama ɗaya da na wata. Wanda aka busar da ƙwallonsa a kan hayaƙi za ki ji ƙaurin hayaƙi a jikinsa, kuma ba ya fita. Wanda ba a dafe ruwansa sosai ba yakan yi saurin lalacewa. Ni nakan nemi mai launin madara ko ruwan ƙwai kaɗan, mai ƙamshin ƙwallo ba mai ɗoyi ba. A gaban mai sayarwa nake ɗiban kaɗan in murza a bayan hannu. Man kirki yana narkewa da ɗumin jiki, saboda a wajen digiri 37 yake saki. In kin ji yashi-yashi mai kaifi da ba ya narkewa, datti ne. In kin sunsuna kin ji kamar tsohon man suya, ya kwana biyu, ki wuce.

Ko wanda ya burge ki, in kin zo gida ki narka cokali ɗaya a kan wuta kaɗan. In yana tartsatsi yana kumfa, akwai ruwa a ciki. Irin wannan sai ki narka shi duka a hankali, ki bar shi a kan ƙaramar wuta har kumfar ta kwanta, ki tace da tsabtataccen farin ƙyalle ninki biyu, ki bar guntun da ya kwanta a gindin kwano. Ni kowane man kasuwa sai na tace, ba na tsallake wannan.

Man riɗi shi ke sassauta taurin kaɗanya ya sa ya baje a fata. Na zaɓe shi ne don dalili biyu. Yana da yawan irin maiƙon da fata ke gyara kanta da shi, kuma yana daɗewa bai yi ɗoyi ba saboda wasu sinadarai da Allah ya halitta a cikin ƙwayar. Ga shi namu ne, Jigawa da Nasarawa da Binuwai suna noma shi da yawa. Ki nemi wanda aka matse daga ɗanyen riɗi, mai haske. Na soyayyen riɗi ƙamshinsa na abinci ne, za ki yini kina jin kamar kin ci kantu. Man gyaɗa ma yana yi, amma ban so a shafa shi ga jarirai ko yaran da ke da ciwon fata, domin ana danganta hakan da kamuwa da borin gyaɗa, wato jiki ya riƙa ƙin gyaɗa.

Man kwakwa kaɗan nake sawa don santsi. In babu, alayyadi mai haske ya wadatar.

Sai abin da ya warware mini matsalar yadi: farin garin sitacin masara, wanda ake kaurara miya ko haɗa kastad da shi, ba sitacin guga ba. Shi ke shanye maiƙon da ke zama a saman fata, hannu ya yi laushi ba tare da ƙyalli ba.

Ga awon, na giram 100. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin, domin cokali yaudara ne: cokalin daskararren kaɗanya da na narkakke ba nauyinsu ɗaya ba, kuma abin da ba ki auna ba, ba za ki iya maimaita shi ba ranar da ya yi kyau.

Man kaɗanya tatacce, giram 65
Man riɗi, giram 20
Man kwakwa, giram 10
Garin sitaci, giram 5
Ƙwayar bitamin E guda 1, irin ta kemis mai mai a ciki

Bitamin E yana jinkirta ɗoyin mai ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kada wani ya ce miki in kin sa shi kina iya ƙara ruwa.

Ki wanke kwanon silba, cokali, maburgi da kwalbar da za ki zuba, ki shanya su tun da daddare su bushe ƙarau. Ki zuba ruwa kaɗan a tukunya ki ɗora, ki aza kwanon a bakinta yadda tururi ne zai riƙa dukan gindinsa. Ba a ɗora mai kai tsaye a kan wuta, yana ƙonewa ya canza ƙamshi. Wutar ta zama kaɗan, kada ruwan ya yi ta tafarfasa yana fantsamowa cikin kwano. Ki yanka kaɗanyar ƙanana ki zuba tare da man kwakwa. In ya narke ya zama garau kamar man gyaɗa, kada ki yi gaggawar saukewa, ki ƙara masa minti goma. Sannan ki sauke, ki goge gindin kwanon da tsumma saboda raɓar tururi, ki zuba man riɗi ki juya.

Nan ne wurin da yawancin mutane ke faɗuwa, wato wurin hucewa. Man kaɗanya ba maiƙo iri ɗaya ba ne, akwai mai tauri da mai laushi a cikinsa. In kika bar shi ya huce a hankali a kan tebur, mai taurin sai ya riga daskarewa ya taru ƙwaya-ƙwaya, bayan kwana biyu ki buɗe ki ji kamar an barbaɗa tsaki. Ba lalacewa ya yi ba, amma ba daɗin shafawa. Maganinsa ki sa ya huce da sauri kina juyawa. Mai firji ta sa na minti goma sha biyar, tana fitarwa tana juyawa. In babu wuta, ki zuba ruwan randa a faffaɗar roba, in da ƙanƙarar naira kaɗan ki jefa, ki zaunar da kwanon a ciki ki yi ta juyawa kina kankaro gefen da ya fara kamawa. Da sanyin safiyar hunturu ruwan randa kaɗai ya isa, shi ya sa nake yin haɗina bayan sallar asuba.

Idan ya yi kauri kamar kunun gyaɗa mai kauri, launinsa ya dushe, ki tankaɗe sitacin a kai da rariya mai laushi, ki huda ƙwayar bitamin E ki matse. Sai bugu. Da maburgi nake yi, irin na miyar kuka amma sabo wanda bai taɓa shiga miya ba, ina murza shi tsakanin tafuka kamar minti goma, in huta, in sake. Mai injin buga ƙwai minti uku zuwa biyar ya ishe ta. Za ki ga ya yi fari ya taso, in kin ɗaga maburgin ya tsaya da tsini bai zube ba. Ki kwashe a kwalba mai faɗin baki, ki rubuta kwanan wata da awon a takarda ki manna. Ki bar shi ya kwana kafin ki yanke masa hukunci, domin washegari yakan ƙara tauri.

Maganar turare. Ni ba na sawa, kuma in kin tambaye ni zan ce ki bari. Turaren mai na kasuwa ba ki san abin da ke ciki ba, kuma turare na cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayin fata. In ba za ki iya haƙura ba, kada ya wuce giram 1 a cikin 100, wajen ɗigo ashirin ke nan. Ki nisanci man kanumfari da na kirfa, suna ƙuna a tsagaggiyar fata, da na ɓawon lemun tsami, wanda kan sa rana ta ƙona wurin ya yi baƙi. Abin da kuma nake roƙon ki da babbar murya: kada ki matse man bilicin ko irin ƙananan bututun maganin fata da ake sayarwa barkatai a ciki. Da yawansu suna sirantar da fata, su bar ta ta fi da saurin tsagewa.

Yanzu gwaji, wanda a wurina ya fi haɗin muhimmanci, domin fatata ba taki ba ce. Kasancewar abu daga tsiro ya fito bai hana shi yi wa wani illa ba, akwai masu borin riɗi, akwai waɗanda kwakwa ke fesa wa ƙuraje. Kafin ki shafa a hannu duka, ki shafa kaɗan a cikin damtse kusa da lanƙwasar gwiwar hannu, faɗin kwabo, safe da yamma, kwana 7 zuwa 10, a wuri ɗaya. Na san yana da tsawo. Dalili shi ne borin fata ba lallai ya fito ranar farko ba, wani sai bayan kwana biyu ko uku, wani ma fiye. In kin ji zafi nan take ki wanke da sabulu. In ja, kumburi ko ƙaiƙayi ya biyo baya, ki daina, in wurin ya warke ki gwada kayan ɗaya bayan ɗaya har ki gano mai laifin. Sau da yawa turaren ne.

Gwajin da na fi so shi ne na takarda, don shi ya shafi abincina. Ki ɗebi kamar ƙwayar wake ki murza a hannu biyu, ki duba agogo. Bayan minti biyar ki danna yatsunki a farar takarda ki ɗaga ta ga haske. Inda maiƙo ya taɓa zai yi shara-shara. Ki sake a sabon wuri bayan minti goma, sha biyar, ashirin, har ki ga babu shati. Kaɗanya zalla a hannuna tana wuce rabin sa'a tana barin alama. Wannan haɗin kuwa wajen minti goma sha biyar nake ɗaukar allura. In naki ya daɗe, ki fara da rage yawan da kike ɗiba, domin mu duka muna da nauyin hannu. In bai yi ba ki ƙara sitaci giram 2, ki rage man riɗi giram 2. Kada sitacin ya haura giram 8, daga nan sai ya riƙa murmushewa a fata kamar datti.

To yana aiki kuwa? Hanci da ido suna ruɗin mutum, abin da ka haɗa da hannunka kullum gani kake ya fi. Abin da nake yi shi ne in raba hannuwan. Mako guda ina shafa sabon haɗi a dama, abin da na saba shafawa a hagu, yawa ɗaya, lokaci ɗaya. Mako na biyu in musanya, saboda hannun dama ya fi shan wahala, in ba a musanya ba an zalunci man da ya faɗa masa. Kowace safiya kafin in taɓa ruwa nakan ja farce a hankali a bayan kowane hannu. Busasshiyar fata tana barin farin layi, wadda ta ƙoshi ba ta bari. Sannan in ja zaren siliki a kan yatsu in ji inda zai kama. Ke da ba ki ɗinki, gyale mai santsi zai yi miki wannan aikin. A ƙarshen mako nakan miƙa wa Goggo hannuwan ba tare da na faɗa mata komai ba, in ce, "Goggo, taɓa ki ji, wanne ya fi laushi?" Ita ba ta san wanne ne nawa ba, kuma ba ta iya fadanci ba. Sau biyu tana zaɓar hannun da ban so ta zaɓa ba, kuma haka na gane man kwakwa da na yi wa yawa a farko santsi kawai yake ba ni, ba ya riƙe laima kamar kaɗanya. Shi ya sa ya sauko zuwa giram 10.

Duk lokacin da za ki gyara awo, abu ɗaya za ki canza, ki rubuta a littafi. In kin canza uku a tare ya yi kyau, ba ki san wanda za ki gode wa ba.

Saura gwajin ajiya. Ki ɗiba a ƙananan robobi uku, ɗaya a ɗaki cikin inuwa, ɗaya a kicin kusa da zafi, ɗaya a jakar hannu. Duk Juma'a ki buɗe ki duba ko mai ya tsatso a sama, ko ya yi tsaki, ko ƙamshi ya juya. Na ɗaki, in da busasshen hannu ko ƙaramin cokali ake ɗiba, yana kai ni wata uku zuwa huɗu lafiya, kuma ba na haɗa abin da ya fi haka. Na kicin shi zai nuna miki abin da bazara za ta yi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wannan haɗin narkewa yake, iskar da kika buga ta fice, sitaci ya kwanta a ƙasa. Na bazara daban nake yi: in cire man kwakwa, in sa kakin zuma giram 8, man riɗi ya zama 22. Kaki sai wajen digiri 63 yake narkewa, saboda haka shi ake fara sawa a kwano, kuma wannan haɗin ba a buga shi, juyawa ake har ya kama. Wadda ke son komai ya zama na tsiro zalla, akwai kakin kandelila da ake samu daga wani tsiro na ƙasar Meziko, masu sayar da kayan haɗa sabulu kan kawo shi. Ya fi na zuma tauri, giram 4 ya isa, sai ki cike sauran da man riɗi.

Wajen shafawa, ki wanke hannu, ki tsane da tawul sama-sama ki bar danshi, sannan ki murza man, ki bi gefen farce da tsakanin yatsu. Ni bayan alwala nake shafawa, hannu na da laima, kuma kafin wata sallar ya shige fata babu wani kauri da zai tare ruwa. Wannan ma na cikin dalilan da ba na cika kaki. Da daddare in hannu ya yi tsanani, nakan ɗiga gilisarin ɗigo biyu a jiƙaƙƙen tafi in murza, in bi da man da ɗan yawa, in sa safar hannu ta auduga in kwanta. Gilisarin yana jawo ruwa ya riƙe, amma a tafin hannu ake haɗa su, in kin zuba a kwalba ba ya gauraya da mai, tsatsowa yake.

Akwai hannun da mai ba zai yi masa ba. Tsagar da ke jini ko ruwa, ƙananan ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi, ko tsakanin yatsu ya yi fari ya jiƙe yana saɓulewa, waɗannan na asibiti ne, na ƙarshen ma maiƙo ƙara masa ƙarfi yake. Mai ciwon suga kuma kada ta zauna da tsaga tana jiran man kaɗanya. In kuma haɗin ya karɓe ki har maƙwabta sun fara cewa ki sayar musu, ki sani kayan shafa na sayarwa sai da rajistar hukumar NAFDAC, kuma littafin nan da kike rubuta awo da kwanan wata a ciki shi ne abu na farko da zai yi miki amfani a wannan hanyar.